Bari In Mutu Tukuna

Ranar da kakar yara ta zo mana yini ne abin ya fito fili. Na zuba abinci, na leƙa ɗaki na kira Tsito, ɗana na fari, wanda ko shekara goma bai cika ba. Yana ruf da ciki a kan katifa, tsohuwar wayar babansa a hannu. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Umma, bari in mutu tukuna."

Kaka ta saki cokali ta hau salati, tana tambayar wane irin mugun baki ne wannan a gidan ɗanta. Ni kuwa kunnena ya riga ya saba. Na yi mata bayani cewa wasa ne na cikin waya: akwai wani ɗan mutum da yaron ke tuƙawa, in dodo ya cafke shi sai a ce ya mutu, a sake daga baya. Ta ɗaga murya yadda zai ji, ta ce to ita mijin da sai ya mutu kafin ya ci abinci ba ta yi da shi, a nemo mata wani. Da can ne, da tuni ya fito da gudu ya ce shi ma ya gaji da mata marar haƙora. Ranar shiru kake ji, sai ƙit-ƙit ɗin wayar. Wannan shirun ya fi maganar mutuwar tayar mini da hankali.

Babansu direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. Ya bar wayar ne don yara su riƙa ganin fuskarsa in ya kira. Ni kuma ɗinki nake yi a baranda, kuma yaron da ya zauna wuri ɗaya ba ya taka wa mutane yadi. Bayan tafiyar Kaka na zauna a gaban keke na kasa taka shi, ina haɗa abubuwan da na daɗe ina gani ɗaya-ɗaya. Malamarsu ta ce yana gyangyaɗi a aji. Ƙwallonsa ta sace a ƙarƙashin gado. Abokansa sun daina zuwa ƙofa suna kiransa. Ya koyi cewa wayar tana caji alhali tana cikin rigarsa. Ko babu komai a hannunsa, manyan yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar masu neman wani abu.

Na karɓe wayar na kulle ta a durowar keke. Yaron da ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba ya yi jifa da takalmi, ya doki ƙofa, ya ce ba ya sona. Ya ƙi abinci, ya kwanta yana gumi yana juyi. Da gari ya waye na taɓa goshinsa na ce zazzaɓi ne, na goya ƙanwarsa, na ja hannunsa sai asibitin yara.

Likitar ta auna shi, ta duba ido da harshe, ta ce jikinsa lafiya lau. Ta tambaye shi barcinsa, abokansa, da abin da yake fara tunawa in ya farka. Ya amsa yana kallon ƙasa. Sai ta tura shi wurin nas a gwada nauyinsa, ta juyo gare ni. Ta ce wasan ya zame masa jaraba, kuma ba shi kaɗai ba ne, tana ganin irinsa da yawa. Ta ce masu ƙera waɗannan wasanni gwanaye ne, aikinsu ke nan su hana mutum tashi.

Na tambaye ta yaya zan gane ya warke. Ta ce, "Maman Tsito, kada ki tsaya kan yawan lokacin kawai. Ki kira shi yana tsakiyar wasa. Ranar da ya iya ajiyewa da kansa ya zo, to kin fara samun ɗanki."

Ta ce ƙwace da duka ba sa magani, ɓoyo kawai suke koya wa yaro. Doka za a kafa, amma da shi za a kafa ta. Sannan ta tambaye ni ko na taɓa buga wasan. Na yi dariya na ce ina ni ina wasan yara, ga kayan mutane jibge. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in je in ga abin da nake faɗa da shi tukuna.

Da rana bayan na ɗora tukunya na buɗe durowa, na zauna kusa da shi a tabarma na ce ya koya mini. Ya yi mini kallon wanda ake shirin yi wa tarko. Da ya ga da gaske nake, ya kama yatsana ya ɗora a kan gilashin.

Ban san haka cikin abin yake ba. A wannan 'yar wayar mai tsagaggen gilashi akwai ƙasa guda, da koguna da duwatsu da rana mai fitowa da faɗuwa. Ruwa yana sauka, ciyawa tana kaɗawa. Ya bi da ni ta wata gada da ya ce shi ya gina ta dutse bayan dutse, har zuwa wani gida a kan tudu. Gefen gidan akwai rumfa doguwa, ya ce ta motar Baba ce, don in ya dawo kada ya sake ajiye ta nesa. A baranda kuma ga wani abu baƙi mai ƙafafu. Kekena ne, har da ɗan zare a kai. Yaron da sai na yi da gaske yake ɗaure igiyar takalmi, shi ne ya gina wannan duka, shi kaɗai, ina zaune taku kaɗan da shi ban sani ba.

Daga nan dodanni suka fito, ya ce in gudu. Na gudu, na tsallake rami, wani haske ya tashi da ɗan sauti mai daɗi, ƙofa ta buɗe. Bayan ƙofar akwai wata ƙofar, kuma kullum saura kaɗan. Na ji ana jan zanina, ƙanwarsa ce tana cewa ruwa take so. Na ji bakina ya ce, "Bari in mutu tukuna."

Sai ƙaurin tukunya ya bugi hancina. Na ɗago, inuwa ta riga ta ƙetare baranda, 'yata tana tsaye da kofi a hannu. Tsito yana kallona, bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Kin gani ko, Umma?"

Na gani. Ni babba, mai 'ya'ya biyu, zama ɗaya ya ɗauke ni cak. Shi kuwa wannan ɗan tsurut ɗin da shi yake kwana yake tashi, ni kuma ina ce masa mai kunnen ƙashi.

Na kankare tukunya, muka zauna muka yi yarjejeniya. Waya ba ta kwana a ɗakinsa, ba a taɓa ta kafin makaranta, sai an ci abinci an gama aikin gida, kuma in ƙararrawar da muka saita ta buga shi zai kai ta durowa da hannunsa. Shi ma ya kafa mini tasa: kada in riƙa duba tawa wayar ana cin abinci. Na kai ƙwallo aka yi mata iska. Babansa ya koma kira ta wayata. Abin bai tafi sumul ba. Akwai ranar kuka, akwai ranar da na kama shi a bayan gida da wayar ɗan maƙwabta. Muka koma wurin likita, ta ce haka hanyar take, kada in karaya. Amma in yana cikin wasa ban taɓa kiransa ba, tsoro nake ji in kira ya ƙi zuwa.

Wata rana aka kawo mini ɗinkin labule, yadi mai tsawo da santsi, sai zamewa yake daga tebur. Dole sai an riƙe mini ɗaya bakin. Tsito yana tabarma, lokacin wasansa ne, ƙararrawa ba ta buga ba, kuma daga sautin na san dodanni sun taso. Na riƙe almakashi na daɗe a tsaye. Sannan na ce, "Tsito, zo ka kama mini nan."

Yatsunsa suka tsaya. Ina ganin kafaɗunsa suna hawa da sauka. Ya kife wayar a tabarma, ya miƙe, ya zo ya kama bakin yadin da hannu biyu. A bayansa wayar tana ta ihu, amma bai waiwaya ba. Ban taɓa ganin mutum ya ɗaga abu mai nauyi haka ba. Na fara yanka, idona a kansa.

Ya ce, "Umma, ki dubi gabanki, yankanki ya karkace."

Na duba, ya karkace kuwa. Na ce ya ja da kyau, muka koma daga farkon layin.