Idon Auta

Autata tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Takan ɗiga jini a gilashi, ta leƙa ta madubin ganin ƙwayoyin cuta, sannan ta sa hannu: akwai zazzaɓin cizon sauro ko babu. Bayan rasuwar jaririnta ta yi wata huɗu ba ta ɗaga labulen ɗakinta ba. Maganin ciwon damuwa ne ya fito da ita.

Sati uku da komawarta aiki na je gidanta, na tarar tana zuba ruwa a kofi, rabi yana sauka a tebur. Mijinta ya ce kuka ne ya ci mata ido. Surukarta ta ce gado ne, wai ai danginmu na masu tabarau ne. Ni kuwa shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa ganin hawaye ya buɗe baƙin ido kamar bakin rijiya ba. Na zaro 'yar takardar cikin kwalin maganin, wadda kowa ke jefarwa. Abin yana nan a ƙasa cikin illolin maganin, da rubutun da sai mai lafiyar ido zai iya karantawa.

Da na tsare ta a kicin ta faɗi gaskiya. Kowace fitila tana da kewaye, in ta motsa hannu inuwarsa na biyo shi a baya. A madubin gwaji kuwa ƙwayoyin narkewa suke yi. Jiya ta sa hannu a takardar wata yarinya ba tare da ta tabbata ba.

"Inna, in na faɗa wa likita zai karɓe maganin. Ba zan iya komawa zaman ɗakin nan ba."

Na ce ban san abin da zai yi ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Amma yarinyar jiya fa, ita ma tana da uwa.

Ta ɗauko wayarta. Sannan ta kira abokiyar aikinta ta sake duba gilashin, ta kuma gaya wa shugabansu dalili. Sakamakon daidai ne, amma ba ta ji sanyi ba.

Washegari likita ya auna idon, ya gargaɗe ta kada ta yanke maganin lokaci guda, ya ce za a sauya shi a hankali. An ɗauke ta daga madubi zuwa teburin karɓar jini. Tana can har yanzu, tana manna lamba a kwalabe, tana jiran ta ga ko sabon maganin zai riƙe ta.