Karen da Ba Na Kowa Ba

Ƙanƙarar da ke akwatin allurai ta fara narkewa, Mahaman likitan dabbobi kuwa ko kare ɗaya bai yi wa allura ba tun da ya kafe babur ɗinsa a Assaga. Ga karnuka nan kwance a inuwar zana, amma kowa ya tambaya amsar ɗaya ce: "Ba nawa ba ne, likita."

Abin ya ishe shi. Tun da mahaukacin kare ya ciji wata mata a Chétimari, hukuma ta ce duk karen da ba a yi wa rigakafi an shafa masa shuɗin fenti ba, guba za a ba shi. Allura kuma ba ta yiwuwa sai mai kare ya riƙe abinsa. To, a nan ana zuba wa kare ɗumame a bayan ɗaki, yana gadin barkono, amma a taɓa shi a gaban jama'a? Wa ya ga abin kunya!

Wata tsohuwa, Ya Fanna, ta matso ta nuna masa wani jan kare mai yagaggen kunne.

"Wancan dai ka yi masa, ɗana. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garinmu a Najeriya, haushinsa ne ya tashe mu. Da muka shiga kwalekwale, iyo ya yi ya biyo mu har wannan gaɓar kogin Komadugu."

"Na waye, Ya Fanna?"

Ta kawar da kai. Mahaman ya gwada matsawa, karen ya yage baki ya nuna masa haƙora. Ya ja da baya, tausayi ya kama shi, don ya san yadda guba take kashe dabba.

Yana ɗaure akwatin a bayan babur sai ya ji wurin ya yi tsit. Malam Abdullatif ne, limamin unguwar, ya fito cikin farar riga, yana dogara sanda. Bai kalli kowa ba. Ya jingine sandar, ya durƙusa da ƙyar a kan rairayi.

"Zo," ya ce.

Karen ya taso yana rarrafe, jela a ƙasa. Tsohon ya miƙa hannu, ya ɗora a wuyansa. Nan take dabbar ta sandare, ko numfashin kirki ba ta yi. Sai a lokacin Mahaman ya gane cewa duk shekarun nan, hannun ɗan Adam bai taɓa sauka a jikin karen nan ba.

"Malam, rigarka!" wani ya ce daga baya.

"Akwai ruwa a kogi, Grema," in ji limamin. "Likita, yi aikinka. Nawa ne. A ƙofata yake kwana."

Mahaman ya ɗago fatar wuya ya soka allurar. Karen ko gezau. Limamin ya zura ɗaya hannun ƙarƙashin ƙirjin karen, ya daɗe a haka, idanunsa suka kawo ruwa.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Ku ji yadda take bugawa. Da wannan 'yar zuciyar ya ƙetare ruwan da ya ci maza."

Mahaman ya zare allurar. Ya yi wa raƙuma da shanu allura ba adadi, amma bai taɓa jin aikinsa ya yi masa kwarjini irin na yau ba. Ya shafa fentin, ya ɗago zai yi godiya, sai ya ga mutane sun watse. Ransa ya ɓaci: wato sun juya wa limaminsu baya ke nan.

Can sai ga Grema ya ɓullo ta bayan zana, kansa a sunkuye, hula ta karkace, rungume da wata baƙar karya mai ciki.

"A hankali, likita," ya ce. "Tana tsoro."