Ruzo

Ni Fatsuma, duk unguwarmu ta Utaibiyya, a nan ƙasa mai tsarki, an san shinkafata. Ranar da na dafa ruz buhari, dafa-dukar nan mai kayan ƙamshi, har maƙwabtan saman bene sai sun ƙirƙiro dalilin saukowa. To sai ga jikokina mata biyu sun ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a a gidan ɗana.

Da na ajiye faranti na fara cewa a wanke hannu, a ajiye wayar nan, a matso, sai Raghad, babbar, wadda take jami'a, ta kalli ƙanwarta Shahad ta ce ƙasa-ƙasa, "Ruzo." Ita kuma Shahad ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

Ni ba kurma ba ce. Ruz dai shinkafa ce da Larabcinsu, wannan ko ni na sani. Wato girkina ake wa dariya ke nan. Na rage gishiri, aka ce ruzo. Na ƙara mai, aka ce ruzo. Na bar shagon unguwa, na hau mota har unguwar Kudai na sayo wata shinkafar, duk da ciwon gwiwa. Har uwarsu Manal na fara kallo da wutsiyar ido, don na san baƙar magana ba ta faɗo wa yaro daga sama. Abin da ya fi ɗaure mini kai, faranti kullum tas suke cinyewa.

Ran Juma'a na gaji. Ina jin kalmar na dire ludayi.

"Ke Raghad, me shinkafata ta yi muku?"

Ta zaro ido, sai ta fashe da dariya. Ta shiga haɗa 'yar Hausarta da Larabci, tana kirana Sitti, wato kaka.

"La, ya Sitti, wallahi ba ruz ba ne! Kalmar Yunanawan dā ce, a darasi muka gamu da ita. Ma'anarta gurnani, irin na kare. Ƙarar suka kwaikwaya, rrr, sai ta zama kalma."

Na ji sanyi a raina. Ashe Manal baiwar Allah ba ruwanta, shinkafata kuma tana nan da mutuncinta. Har na ɗauki ludayi zan ƙara musu, sai hannuna ya tsaya.

"To wane kare ke gurnani a gidan nan?"

Dariyar ta ɗauke. Raghad ta kalli faranti. Shahad, da bakinta ba shi da linzami, ita ta amsa.

"Ba kare ba ne, Sitti. Idan kina Hausa da sauri ne, ba ma gane komai. Ƙarar kawai muke ji."

Wallahi na so a ce shinkafar ce, don ita na san yadda ake gyara ta. Da wannan Hausar na yi wa ubansu waƙar barci tun muna Sudan, da ita nake musu addu'a kullum in za su fita.

Na tura musu farantin. Na buɗe baki zan ce su ci kafin ta huce, sai na ji kaina ina faɗa da Larabci.