Jagoran Zarton Maliki

A layin kafintoci na Unguwar Kanawa a Kaduna, wajen shekarar tamanin da takwas, akwai wata doka da ba wanda ya rubuta ta amma kowa ya san da ita: kafintan kirki da ido yake yanka katako. Ya ja layi da fensir, ya soke fensirin a bayan kunne, ya kunna zarton lantarki, ya bi layin nan da hannu kawai. Wanda kuwa ya kafa wani abu don ya tokare zarto, to ya shirya shan dariya har jikokinsa.

Maliki shi ne gwanin layin. Siriri ne, mai ɗan gemu, ga baki kamar reza. Ya daɗe yana yanka filawud, faifan katakon nan mai faɗi da ake yin wadirof da kabad da shi, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Sai wata rana ya faɗi da Vespa a hanyar Kawo. Shi dai ya ce akuya ya kauce wa, amma matan unguwa sun rantse ba akuya ya juya yana kallo ba, don akuya ba ta ɗaura zane. Wuyan hannunsa na dama ya karye. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya dawo da rawa. In ya ɗauki kofin shayi, rabi a riga yake ƙarewa. In ya kama zarto kuwa, layi na nan, zarto na can yana yawo kamar mashayi.

Rumfar da yake aiki da zarton kansa duk na yayansa ne, Alhaji Balarabe mai shagon katako a Doka. Alhaji Balarabe mutum ne mai tumbi da son a gaishe shi tun daga nesa. Shi ya karɓo aikin wadirof na wata Hajiya Talatu ta Unguwar Dosa da za ta aurar da 'yarta, ya aiko wa Maliki da filawud daga shagonsa. A lokacin filawud ya yi tsadar da ko ɓarɓashinsa ba a zubarwa. Maliki ya ɗora zarto a faifan farko, ya fito a karkace. Ya ɗora a na biyu, ya fi na farko muni.

Labari ya riga la'asar isa Doka. Alhaji Balarabe ya zo da kansa, ya tsaya a bakin rumfa yana kallon ɓarnar, babbar rigarsa na sharar garin katako.

"Maliki," ya ce, "wannan yanka ne ko zanen kogin Kaduna?"

"Hannu ne bai gama warkewa ba, Yaya."

"Ba zai warke ba. Ka karɓi ƙaddara. Zan ba Yahaya rumfar nan da zarton, kai kuma ka dawo shagona ka riƙa gadi. Ga kujera, ga inuwa."

Yahaya shi ne kafintan rumfar da ke kusa, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu kan rumfar Maliki saboda ita ke fuskantar titi. Yana jin an ambaci sunansa ya sunkuyar da kai yana goge katakon da ya riga ya gogu.

"Gadi?" Maliki ya ce. "Ni?"

"Kai fa."

"Wallahi Yaya, sai dai a fitar da ni daga rumfar nan a makara."

"To ga sauran filawud nan. Jibi zan dawo. In na ga yanka ɗaya a karkace, ka ba ni makulli, ba sai mun tara wa kanmu jama'a ba."

Maliki ya koma gida. Matarsa Rahmatu tana tsakar gida tana ɗinki a kan keke, ta dube shi ta ga fuska babu annuri, ta kawo masa ruwa ba ta tambaye shi komai ba, don labarin ya riga shi shigowa ta bakin maƙwabciya. Ya zauna kan tabarma yana kallon ƙasa. Can ya ɗaga kai ya ga wani kwalin ashana manne da gam a jikin keken, kusa da allura, yadin yana bin gefensa yana wucewa.

"Wannan kuma fa? Ashana a kan keke?"

"Idona ne ya fara gajiya, Malam," Rahmatu ta ce, ƙafarta ba ta daina taka keken ba. "In na jingina bakin yadi da kwalin nan, ɗinki ba ya kaucewa. Ko ina hira ma tafiya yake."

Maliki ya matso ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo har Rahmatu ta tsargu ta gyara ɗankwali. Ya miƙe yana gyaɗa kai. Kuma har yau in ka tambaye shi inda ya samo dabarar zai ce maka a kansa ta faɗo. Maza ke nan. Amma katangar gidan gajera ce, an gani.

Washegari da sassafe ya buɗe rumfa ya jawo faifan nan na farko da ya ɓata. Duk da ɓarnar, gefe ɗaya na nan yadda ya fito daga kamfani, miƙaƙƙe sumul, hannun mutum bai taɓa shi ba. Ya yanko wannan gefen siriri da zarton hannu, faɗinsa kamar tafin hannu. Wajen da shi ya yanka ya fito a karkace, bai damu ba, don ba shi yake bukata ba. Ya sake yanko wani falle mai faɗi daga ragowar, ya shafa gam, ya ɗora siririn a kansa, gefen kamfanin yana kallon inda zarto zai bi. Ya bi da ƙananan ƙusoshi. Da hannun nan nasa, guduma ta sami babban yatsansa fiye da yadda ta sami ƙusa, amma ko "wash" bai ce ba, saboda ya san Yahaya na kasa kunne.

Kafin hantsi kafintocin layin sun fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya.

"Oga Maliki, me ake ƙerawa? Gadon kyanwa?"

"A'a, allon gadi ne," Yahaya ya ce. "Zai riƙa kwanciya a kai a shagon Alhaji."

Maliki ya ci gaba da buga ƙusa har ya gama. Ya jingina abin a bango don gam ya kama. Wuta ma ba a kawo ba ranar sai yamma, ya wuni yana gyaran hannayen wadirof, yana jin ana yi da shi a kowace rumfa. Wani ya raɗa wa abin suna sandar makaho, kafin magariba sunan ya kai har wurin masu faci.

Ranar alkawari Alhaji Balarabe ya iso da hantsi, aka yi sa'a akwai wuta. Layi ya watse, kowa ya bar aikinsa ya zo kallo, har da Gwaggo Hasana mai sayar wa kafintoci shinkafa da wake, mace mai jiki wadda in ta zauna kan benci sai na ɗaya gefen ya riƙe da kyau. Ita ba ta ƙi a yi faɗa ba in dai tana kusa.

Maliki ya ɗora abin nan nasa a kan tebur shi kaɗai, ba filawud a ƙarƙashinsa. Ya kunna zarto, ya jingina gindin zarton da siririn katakon, ya tura. Haƙoran zarto suka ci fallen ƙasan, suka yanke gefensa tun daga farko har ƙarshe, guntun ya faɗi ƙasa.

Dariya ta ɓarke. Yahaya har da riƙe ciki.

"Jama'a ku gani! Ya yanka sandar tasa! Makaho ya karya sandarsa da kansa!"

"Innalillahi," Alhaji Balarabe ya ce. "Maliki, abin har ya taɓa kai ne?"

Maliki ya kashe zarto ya hure garin katako. Ya shafa sabon gefen da yatsa. Abin da ba su gane ba shi ne, da gangan ya bar fallen ya yi faɗi, don zarton ya yanka wa kansa iyaka. Yanzu bakin fallen nan shi ne daidai inda haƙoran zarto za su bi kullum. Duk inda ya ajiye bakin, nan za a yanka. Bai tsaya yi musu bayani ba. Me zai sa?

Ya jawo sabon filawud ya shimfiɗa. Ya auna, ya ɗiga fensir a wannan kai, ya ɗiga a wancan kai. Ko layi bai ja ba. Ya ɗora jagoran nasa, bakinsa a kan ɗigon nan biyu. Sai wata matsala ta taso: ba shi da abin matsewa, kuma ba ya so ya buga ƙusa ya huda fuskar wadirof ɗin amarya. Dole wani ya danne masa ɗaya kan.

"Wa zai riƙe min can?"

Kowa ya sami abin kallo a sama. Wa zai yarda a ce da hannunsa a cikin wannan abin kunya?

"Kai Yahaya?"

"Ni kafinta ne, Oga, ba ɗan jagora ba ne."

"Ku matsa min, ragwaye," Gwaggo Hasana ta ce. Ta ajiye ludayinta, ta ture mutum biyu da kafaɗa, ta tattare zane ta hau tebur ta zauna daram a kan ƙarshen jagoran. Tebur ya yi ƙara. "Yanka, ɗan nan. Amma wallahi in ka taɓa min zane sai ka saya min atamfa."

"Gwaggo, ko girgizar ƙasa aka yi abin nan ba zai motsa ba."

"Ka ci gidanku. Yanka!"

Ya kunna. Hannun na rawa, kowa na gani, har gwiwar hannu tana karkarwa. Amma ya danna gindin zarton jikin siririn katakon, duk rawar ta ƙare a nan, zarto ya tafi ɗoɗar. Da ya kusa kai wa ga Gwaggo Hasana sai ta ɗage ƙafa tana salati, ta zame gefe ta danne da hannu biyu, zarto ya wuce. Faifai ya rabu biyu.

Alhaji Balarabe ya matso ya ɗauki ɓangarorin, ya haɗa bakinsu, ya ɗaga sama yana neman inda haske zai ratsa. Ya juya, ya sake haɗawa. Babu. Ya kira Yahaya ya duba. Yahaya ya kanne ido ɗaya ya daɗe yana leƙe, kamar mai neman ƙwarƙwata.

"Ya miƙe," ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. Sai kuma ya ɗaga murya. "Amma ai ba shi ya yanka ba, Alhaji. Katako ne ya yanka. Ko Gwaggo aka ba zarton za ta yi."

"Zan yi mana," Gwaggo Hasana ta ce, "in fi ka ma."

Alhaji Balarabe ya ajiye filawud ɗin ya gyara hula. Maganar Yahaya ta ba shi mafita.

"Gaskiya ne. Maliki, mahaifinmu kafinta ne, bai taɓa tokare zarto da komai ba. Ka jefar da tarkacen nan ka yanka ɗaya da hannunka in gani. In ba za ka iya ba, kawo makulli."

Maliki ya dube shi daga hula har takalmi.

"Yaya, shekaranjiya me ka ce? Cewa ka yi kada ka ga yanka a karkace. Ka gan shi?"

"Ba wannan ake..."

"Ka gan shi ko ba ka gan shi ba? Hajiya Talatu wadirof ta ce a yi mata, ko rawar hannuna ta ce a kai mata ta kalla? Baba da kake kira, zarton hannu ya yi aiki da shi har ya rasu. Da ka sayo wannan na lantarki, wa ya ce maka ka ci amanarsa? Ba zan jefar ba. Kuma gobe zan ƙera wani gajere na yanka faifai ta faɗinsa, in rataye su a nan bakin rumfa, wanda dariya ke damunsa ya zo ya yi ta kyauta."

"Ni kake faɗa wa magana a gaban mutane?"

"Kai ka tara su, Yaya."

Alhaji Balarabe ya kumbura. Ya miƙa hannu, tafin a buɗe.

"Makulli."

Maliki bai ko kalli hannun ba. Ya jawo wani sabon faifan, ya ɗiga fensir, ya ɗora jagora. Gwaggo Hasana ta koma mazauninta ba a roƙe ta ba. Wannan karon ɓangaren da za a yanke mai faɗi ne, ya zarce tebur yana reto a iska. Duk wanda ya san filawud ya san in ba a tallafe shi ba, kafin zarto ya kai ƙarshe nauyinsa zai ɓalle shi ya yage fuskar faifan.

"Maliki, da kai nake! Makulli!"

Maliki ya kunna zarto. Ƙara ta cika rumfa, bakin Alhaji na motsi ba a jin abin da yake cewa. Zarto ya kai rabi, ɓangaren nan ya fara sunkuyawa. Alhaji Balarabe ya dubi Yahaya, Yahaya ya naɗe hannu. Ya dubi filawud ɗinsa, sabo fil daga shagonsa, yana lanƙwasa. Sai ga Alhaji ya yi tsalle da tumbinsa da babbar rigarsa, ya tallafe shi da hannu biyu.

"Ɗaga kaɗan, Yaya," Maliki ya yi ihu ta cikin ƙarar. "Kada ka matse min zarto. Yawwa. Haka."

Garin katako ya yi ta zuba a kan hular Alhaji har aka kai ƙarshe. Ya tsaya rungume da faifan, yana huci, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Jingina shi can bango," Maliki ya ce, yana jawo na gaba. "Fuskar ta kalli ciki. Ka dawo, da saura."