Makero a Gidan Wanzami

A daminar 1959 makero ya game Jibiya, aka ce askar Maharazu wanzami ce ke raba shi. A da, ran kasuwa har fataken Maraɗi masu jiran duwan, wato kwastan bakin iyaka, ya sallame su sukan yi layi a rumfarsa. Yanzu sai ya wuni yana wasa aska shi kaɗai.

Duk wannan bai ci masa rai ba kamar kan 'yarsa Rabi'a mai shekara shida. Gashi ya zube, fatar ta kumbura tana tsattsafo da ruwa. Ya shafa saiwa, ya shafa farar wuta da man shanu, abin sai gaba yake yi. Shi ma ga tambarin cutar a bayan hannunsa.

Rannan yayarsa Nagoggo, wadda ke aure a Maraɗi, ta ƙetaro da fararen ƙwayoyi ƙulle a bakin zane.

Ta ce, "Likita ya ce sabon magani ne, bana ya zo. Wai hunhuna ce ke cin gashin, shi ma maganin daga wata hunhunar anka tatso shi."

"Wace hunhuna, Yaya? Irin ta kwantan tuwo?"

"Danginta dai. Ita ke yin shi don ta kashe 'yar'uwarta."

Ya gaji magani kaka da kakanni, bai taɓa jin an ba mutum ruɓa ya haɗiye ba. In ta tsiro a cikin yarinyar fa? Ya ce sai ya gwada a kansa. Kwana biyu yana sha, kansa ya ɗauki sara kamar zai tsage, ya zauna yana shafa ciki, yana sauraron abin da zai biyo.

Nagoggo ta ƙwace ƙullin. "An faɗa mani yakan sa ciwon kai. Na mako shida ne cif, duk wadda ka sha ka rage wa ɗiyarka."

Ya yi bisimilla, ya ba Rabi'a da nono kamar yadda likitan ya ce. Mako biyu ba sauyi. Kullum da safe yakan kwance ɗankwalinta ya duba, ya mayar. A mako na uku ruwan ya tsaya, kumburin ya fara saɓewa.

Kafin a yanke gero gashi ya fito, in ban da wani wuri kamar faɗin kwabo bayan kunne, wanda har ta girma kitso ke rufe shi.