Hannun Athol a Ɗanyen Siminti

Gara in faɗa tun yanzu. Shekara ashirin da biyu ina rubuta sharhin waƙoƙin karkara a wata 'yar jaridar mako, amma kunnena bai taɓa iya raba sautin jita biyu ba in suka haɗu a kan dandamali. Abin da nake yi shi ne in duba wanda ya fi murtuke fuska in yabe shi. Sau uku na yabi kiɗan Athol Kinnear, har akwai inda na ce yatsunsa magana suke yi. Abin da ke biye shi ya ba ni da bakinsa, ya ce in rubuta, tunda dai ba mai karanta ni.

Ranar Asabar ta ƙarshen bikin waƙoƙin karkara na garin Tamworth, a Ostareliya, da hantsi, Athol yana zaune a ƙofar tirelar da yake kwana a ciki, can bakin kogi, da farantin gasa burodi cike da fulawa a kan cinyarsa. Ya shafe fulawar ta yi sumul, ya ɗora tafin hannunsa na dama, ya danna, ya fara ƙirge. Ɗaya zuwa shida lafiya lau. Yana kaiwa bakwai sai babban yatsa ya farka, ya shiga murza manuni kamar mai murza zare, gefen shatin ya rushe. Ya sake shafewa. Karo na goma sha ɗaya ke nan.

Da ƙarfe goma sha ɗaya za a ɗauki shatin hannunsa a siminti, a dandalin da ke gefen gada, inda hannayen mawaƙan da suka riga shi suke jere, rabin masu su suna kabari. Shekara arba'in da ɗaya yana jiran wannan rana. Ya yi waƙa a rumfunan askin tumaki, da zaurukan taro na garuruwan da ba su kai gida hamsin ba, da bayan manyan motoci ranar sukuwa. Faifai goma sha huɗu ya fitar, ba wanda ya ci kyauta. Sai ga takardar gayyata ta zo shekara biyu bayan hannun ya fara rawa.

Ciwon yana da ladabinsa. In hannun yana aiki, yana kiɗa ko yana riƙe da sitiyari, ba ya cika tona asiri. In aka ajiye shi aka ce ya huta, a nan yake fara nasa. Shi ya sa Athol ya koyi saƙala babban yatsa a bel, ko cusa hannun a aljihu, har mutane suka ɗauka sabon salo ne. Siminti kuwa ba abin da yake nema sai hannun da zai zauna shiru.

Inuwa ta faɗo kan farantin. Lindsay Pruett ne, wanda ke kaɗa masa jita ta biyu, yake kuma haɗa musu kayan sauti, shekara talatin da ɗaya ke nan. Da kyar ya kai kafaɗar Athol, shi ya sa kowa ke ce masa Dogo don tsokana.

"Burodi za ka yi mana, tsoho?"

"Kek. Na jana'izarka."

Dogo ya dubi fulawar, ya dubi shatin da ya rushe, sannan ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce yau za a ci zafi. Ya ƙara da cewa Raelene ta iso, tana can tana neman wurin ajiye mota.

Abin da Athol yake tsoro ke nan, ba taron ba. Raelene 'yarsa ce tilo, ma'aikaciyar jinya a sashen tsofaffi a asibitin garin Dubbo, mace mai gane ciwo daga yadda mutum ya ɗauki kofin shayi. Tun rasuwar uwarta Coralie, shekara tara da suka wuce, ta gyara masa ɗaki a bayan gidanta, mai taga ɗaya da ke kallon shingen maƙwabta. Sau ɗaya ta faɗa masa, ba ta kuma maimaita ba, cewa ranar da ta ga dalili za ta karɓi makullin motarsa. A watan Maris kuwa akwai rangadi na garuruwa goma sha huɗu a yammacin jihar Queensland. Ya yi tunanin ba da hannun hagu, amma ya san abin da za ta fara tambaya ke nan, don ko gaisuwa bai taɓa yi da hagu ba.

Ya juye fulawar a gindin bishiya, ya sa farar riga mai maɓallan ƙarfe, ya ɗauki malafarsa.

Dandalin ya cika da malafu da kujerun naɗi. Daga babban titi ana jiyo masu kiɗan gefen hanya, kowa da tasa waƙar, duk sun cakuɗe. Wata dattijuwa daga cikin masu shirya taron, Beryl Haddow, ta karanta tarihinsa daga takarda. Ta ambaci waƙarsa ta direban da ya kwana uku a bakin kogin da ya cika, ta ambaci Coralie, wadda ta shekara talatin tana zama a bakin ƙofa da akwatin faifai. Da aka kira sunan matar, mutane da dama suka cire malafa. Athol ya sunkuyar da kai. Raelene tana layin gaba, da bokiti da tawul a gabanta, don bisa al'ada, wani na gida ne ke wanke hannun.

Birkila ya gama shafe simintin da cokalinsa a cikin wani ɗan akwatin katako. Ya matso kusa ya ce a hankali, "Ka danna, ka tsaya, kada ka ɗaga sai na ce. In ka motsa, haka jikokinka za su gan shi."

Athol ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya fiddo hannun daga aljihu ya dasa shi. Simintin da sanyi, sanyin da bai zata ba a irin wannan rana. Masu hoto suka fara kira, ya dubi nan, ya dubi can, ya ɗan ɗaga malafa. Yana murmushi yana ƙirge a zuci. Huɗu. Biyar. Shida. Ya ji abin ya taso daga gwiwar hannu, ya gangaro wuyan hannu, ya isa gindin babban yatsa. Bai dubi Raelene ba. Ya ga ɗakin nan da tagarsa da shingen, ya gan su sarai.

Sai wani nauyi ya sauka a bayan hannunsa. Dogo ne ya durƙusa gefensa, ya ɗora tafukansa biyu ɗaya bisa ɗaya, ya jingina da iya ƙarfinsa.

"Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da mutumin nan," in ji shi, da muryar da za ta kai layin baya. "Yau ma ba zai iya shi kaɗai ba."

Taron ya fashe da dariya, masu hoto suka ji daɗi. A ƙarƙashin tafukan Dogo yatsan yana fizga, amma ba wurin zuwa. Da birkila ya ce a ɗaga, shatin ya fito tas, yatsu biyar kowanne da iyakarsa, ya ma fi na kowa zurfi a layin. Aka ba Athol ƙusa ya rubuta sunansa a ƙasa, ya rubuta da sauri, hannun kuwa da ya sami aiki bai ba shi kunya ba.

Ya miƙe yana jin kamar an sauke masa buhu daga wuya. Raelene ta jawo shi gefe, inuwar wata bishiya, ta tsoma tawul a ruwa. Ta goge tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin farce, yadda uwarta ke yi mata tana ƙarama. Da ta gama ba ta sake shi ba. Ta ajiye tawul, ta kwantar da hannun a kan tafinta, ta bar shi ya huta. Shi kuwa ya yi abin da ya saba.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya ce zafi ne, da durƙuso, da rashin karin kumallo.

"Tun yaushe?"

"Kirsimeti biyu."

Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta miƙo ɗaya hannunta a buɗe. Athol ya laluba aljihu ya fiddo makullin, da ɗan ƙarfen da Coralie ta rataya masa tun motarsu ta fari, ya sa mata. Bai roƙa ba. Ya san irin 'yar da suka haifa.

Raelene ta juya makullin a hannunta. Ta dubi shatin da ke bushewa, ta dubi uban, da farar rigarsa da siminti ya ɗiga a kai. Ta kira Dogo, ta danƙa masa. Ta ce ranar Talata akwai likita a Dubbo, ita za ta kai shi da kanta. Ta ce daga yau sitiyari na Dogo ne, kuma duk garin da suka sauka za a buga mata waya, in aka tsallake gari ɗaya za ta zo ta kwaso su duka biyun. Bayan Queensland kuma a sake zama. Athol ya ce Dogo yana tuƙi kamar tsohuwa mai ɗauke da ƙwai zuwa coci. Idon Raelene ya kawo ruwa, ta ce bari ta je ta zubar da bokitin.

Da la'asar Athol da Dogo suna zaune a ƙofar tirela suna shan shayi. Athol ya riƙe kofinsa da hannu biyu, ba kuma ɓoyewa. Ya ce akwai abin da ya fi makullin damunsa. Shekara biyu ke nan yana jin kansa yana tuntuɓe a kan tsirkiya, yana makara, wani lokaci yatsun su ƙi tafiya gaba ɗaya. Mutane sun yi tafiyar awa uku a hanyar ƙasa don su ji shi, ya ba su kiɗa gurgu, ba kuma wanda ya taɓa yin ƙorafi. Da yana ɗauka gwaninta ce ke rufa masa asiri. Yanzu yana ganin tausayinsa suke ji, shi kuwa bai fito gida don a ji tausayinsa ba. Gara ya ajiye jitar tun mutuncinta yana nan.

Dogo ya hura shayinsa.

"Ba wanda ya ji, tsoho."

"Kada ka lallashe ni."

"Ba lallashi ba ne. Wayar jitarka ba ta zuwa manyan lasifiku. A 'yar ƙaramar nan da ke gaban ƙafarka take tsayawa. Kai kaɗai kake jin kanka. Jitata mutane ke ji."

Athol ya ajiye kofin a ƙasa. Ashe mutumin nan ya sani tun farko, ya rufe shi shekara biyu bai ce uffan ba, kamar yadda ya rufe hannun da safe. Ya ce bai san yadda zai gode masa ba, shekara biyu ba kwana biyu ba ne.

"Wace shekara biyu?" in ji Dogo. "Tun wasan da muka yi a garin Winton ne. Coralie ce ta ce in cire wayar. Ta ce muryarka mutane suke zuwa ji, a bar maka jitar don ka sami inda za ka sa hannuwanka."

Athol ya shiga lissafin rabonsu da Winton tare da Coralie. Daga hayin kogi wani yana gwada lasifika, yana ta ƙirga ɗaya, biyu.

Shekara goma sha tara ke nan. Sharhina na farko a kan yatsunsa ya fito shekara goma sha bakwai da suka wuce.