Ƙyallaye Bakwai

Baba Jika ya buɗe gwangwanin madarar da ƙyar, don murfin ya yi tsatsa, ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarmar zaurensa. Ƙyallaye ne guda bakwai, kowanne bai wuce tafin hannu ba.

"Ga su nan, 'yata," ya ce. "Cikin waɗanda muka binne ranar Lahadin bayan rikicin, mutum bakwai ba a gane fuskarsu ba. Kafin a sa su a rami na yanki bakin rigar kowa. Na ce ko wata rana wani zai zo nema."

Asta ta durƙusa tana kallonsu. Wata goma sha ɗaya ke nan da Juma'ar da rikici ya ɓarke a Jos, ranar da mijinta Ɗanbaba direba ya fita bai dawo ba. Ta zaga asibitoci, ta je bariki, ta je gidan yari, har masu gadi suka haddace fuskarta. Malamai sun ce matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu. Ga ta nan dai, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Kullum da yamma takan zuba masa tuwo a kwanonsa ta rufe, da safe ta juye wa awakin maƙwabta. A duk Unguwar Rogo, inda ta koma da 'yarta Madina, ba awakin da suka kai waɗannan ƙiba.

"Kin gane wani?"

"Ban san rigar ba, Baba. Da tsohuwa ya fita. Ya ce zai biya wajen tela ya karɓi sabon ɗinki, ya sa, ya wuce masallaci. Ko yadin ya ƙi nuna mini, wai sai na gani a jikinsa."

"Telan yana raye?"

"An ce yana nan. Ikenna, a Unguwar Rukuba. Maƙwabcinmu ne a da."

Tsohon ya san unguwar ba ta shiguwa ga irin su yanzu. Duk da haka ya tattara ƙyallayen ya mayar, ya miƙa mata gwangwanin da hannu biyu. "Amana ce. Shida dai ba naki ba ne."

Ɗan acaɓa ya sauke ta tun a mahaɗar hanya. "Hajiya, ni iyakata nan. Ina da iyali." Ta ƙarasa da ƙafa cikin yayyafi, mutane na bin mayafinta da kallo. Da a ce tana jin tsoro ma da ta gode Allah. Ta daɗe ba ta jin komai, abinci ma sai ta ga kwano ya ƙare take sanin ta ci.

Ba ta yi niyyar bi ta tsohon gidansu ba, ƙafa ce ta san hanya. Rufi ya tafi, bango uku suka rage. Motar shara ba ta taɓa shiga layin nan ba ko a zamanin lafiya, don haka da mutane suka ga fili ba mai shi, sai suka mai da shi bola. Ledojin ruwa, ɓawon dankali, fasassun robobi, duk sun taru sun kai tsayin taga. Wani kare yana tono daidai inda gadonta yake a da.

Tana tsaye sai ga wata mata ta ɓullo da bokitin shara a ka. Ijeoma ce, matar Ikenna. Suka haɗa ido, Ijeoma ta yi saurin sauke bokitin ta tura shi bayanta, kamar bokiti abin ɓoyewa ne.

"Maman Madina! Kai ne?"

"Ni ce. Zuba mana, Ijeoma. Ai ba kowa a ciki."

Ijeoma ba ta zuba ba. Da sharar ta koma gida, Asta na biye da ita.

Ikenna yana ɗinki a baranda da keken aro. Ya rame, furfura ta fito masa. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya jera ƙyallayen a kan cinyarsa ya daɗe yana juya su.

"Allah ya sani, Madam, kaina ya juye tun wannan rana. Na tuna ya zo. Na tuna ya tsaya kaina, oga yi sauri, oga za a ta da salla. Amma kala ɗin..." Ya girgiza kai. "Shago kuma sun kwashe. Keke, yadin mutane, har almakashi. Buhun pisis, guntayen yadi, kawai suka bari, ko ɓarawo bai so shi ba."

"Ina buhun?"

Miji da mata suka dubi juna. Ijeoma ta shiga ɗaki ta fito rungume da matashin kai guda biyu, sun yi baƙi don kwanciya.

"Lokacin ba mu da komai, a ƙasa muke kwana," ta ce. "Shi ne na ɗura su ciki."

Ta sa reza ta farke. Ragowar ɗinkin makon ƙarshe na shagon ya zubo a kan siminti, su uku suka zauna suna tsincewa kamar masu tsince shinkafa. Ikenna bai iya yin shiru ba, kowane ƙyalle sai ya faɗi mai shi. Wannan ankon bikin Gertrude ne, ta koma Kuru. Wannan na mai shayin bakin titi ne, an kashe shi. Wannan na malamin makarantar nan ne, ba wanda ya san inda yake. Rabin mutanen layin suna cikin matashin, Musulmi da Kirista a cakuɗe, kusan shekara guda yana ɗora kansa a kansu. Asta kuwa ɗauka kawai take tana gwadawa da na gwangwani tana ajiyewa.

A matashi na biyu ta samu. Yadi ne ruwan ƙasa mai siririn farin layi, yankan hammata. Ta ɗora shi kusa da na huɗu cikin ƙyallayen gwangwani, layi ya hau kan layi.

"Madam, tsaya tukuna," in ji Ikenna. "Wannan yadi ya cika kasuwar Taminus wancan shekara. Mutum ɗari ya saya."

Ya ɗauki na gwangwanin ya juya bayansa, ya kai shi kusa da ido. Kalmasar bakin rigar da koren zare aka yi ta.

"Zare ya ƙare mini," ya ce a hankali. "Saura ƙasan riga kawai. Na ce oga, kore ne ya rage, bari na aika a sayo. Ya yi dariya. Ya ce saka haka, wa zai duba ƙasan riga?"

Ijeoma ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Asta ta jira nata ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo mata kawai shi ne, ashe Ɗanbaba ya iya zaɓen yadi. Ta ƙulle guda biyun a bakin zanenta, ta mai da shida cikin gwangwani, sannan ta taya Ijeoma ɗura matasan, don ba ta ga dalilin da zai sa mutane su kwana ba matashi saboda ita ba.

Ana kiran la'asar ta isa zauren Baba Jika. Ya saurara har ta gama, ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a.

"Yau zan shiga takaba, Baba. Kayan ma na daɗe da ajiye su a akwati."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana ƙirga gaɓoɓin yatsunsa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ko lissafin zai canja.

"'Yata, daga ranar rasuwa ake farawa, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goma. Takabarki ta ƙare tun bayan ƙaramar salla. Kin fita."

"Na fita? Ai ban shiga ba."

"Haka hukuncin yake."

Ta tuna bayan ƙaramar sallar. A lokacin tana bakin ƙofar bariki da hotonsa a hannu, da 'yan kunne a kunnenta, don kada ya fito ya gan ta a yamutse.

Da yamma ta tuƙa tuwo, ta zuba na Madina, ta zuba nata. Kwanon Ɗanbaba ta wanke shi tas, ta goge, ta kwance ƙyallayen biyu ta sa a ciki, ta rufe, ta ajiye shi inda ta saba ajiyewa.

Da safe awakin maƙwabta suka taru a bakin ƙofa kamar kullum, suna ture juna. Asta ta daɗe tana kallonsu, sannan ta mai da ƙofa ta rufe.